Uwargida, Ina Za A Gina Miki Gida?

 Yau za mu ɗan jingine zancen girki da reno, mu taɓa wata magana da aka saba bar wa maza, watau maganar gidajen da Gwamnati take ginawa da wurin da take gina su.

In aka ce za a yi rabon gidaje, maza ne ke zuwa taro, su ke cika fom, sunansu ne a takarda. To amma wa ke wuni a gidan? Maigida ya fita tun da hantsi, sai magariba. Ke ce za ki san ko famfo ya kawo ruwa, ko kwata ta toshe, ko akwai abin hawan da zai kai yarinya makaranta. Saboda haka maganar nan taki ce kafin ta zama ta kowa.

Mu ɗauki unguwa kamar Gidan Dahala a birnin Sakkwato. Ki lura da sunayen unguwannin garin nan: Gidan Dahala, Gidan Igwai, Gidan Dare, Gidan Haki. Sunan da kansa ya gaya miki cewa gida ne aka kira wurin da shi tun farko, yau ga shi ya zama unguwa guda. Gari yana cin gonakin da ke gefensa, mutane kuma kullum ƙaruwa suke yi. Ƙidayar 2006 ta sami mutum wajen miliyan 3.7 a Jihar Sakkwato, kuma tun daga lokacin an yi haihuwa mai yawa, ga waɗanda rashin zaman lafiya ya koro daga ƙauyukan gabashin jihar suka shigo birni. Duk wadda ke zaune a irin waɗannan unguwanni ta ga yadda abin yake tafiya. Fulotin da aka san shi da gida ɗaya, magada sun raba shi uku. An datse zaure an yi shago. An ja ɗakuna a bayan gida an zuba 'yan haya, bayi kuwa yana nan ɗaya tilo. Ba wanda ya kafa doka ya ce a cunkusa, cunkoson ya zo da kansa.

Idan mutane suka yi wa gari yawa, hanya biyu ce a gaban hukuma. Ko dai ta fita bayan gari inda fili yake da araha ta jera gidaje, ko kuwa ta ɗaga gini sama a cikin gari, kusa da tasha da bakin babban titi, inda abin hawa ba ya yankewa.

Mu nan ta farko aka saba bi. Uwayenmu za su tuna gidajen Shagari. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979, Gwamnatinsa ta ƙudura gina gida 2,000 kowace shekara a kowace jiha daga jihohi 19 na lokacin, da kuma Abuja. Kafin soja su karɓi mulki a ƙarshen 1983, abin da aka kammala bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka yi niyya ba. Wani abin takaici, a garuruwa da yawa filin da aka bayar can nesa yake, ba ruwa, ba wuta, ba motar haya, har wasu gidajen suka yi shekaru ba mai kwana ciki sai awaki. Daga baya ne gari ya bi su ya tarar. A Kano ma rukunan Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina tsakanin 2011 da 2015, sun daɗe ba su cika da mutane ba. A Sakkwato kin san gidajen Bado da na Kalambaina da na Gidan Man Ada. A zamanin Gwamna Ahmed Aliyu, wanda ya hau a 2023, aka sa hannu a aikin gida 500 a Gidan Salanke da wasu 500 a Wajake. Gwamnatin Tarayya ita ma a 2024 ta sa Sakkwato cikin jihohin da ta ware wa rukunin gida 250. Wannan ƙoƙari ne, kuma wanda ya samu ya gode Allah. Sai dai irin waɗannan rukunai galibi gefen gari suke, domin can ne fili yake.

To ga inda gizo ke saƙar. Sakkwato ba ta da jirgin ƙasa. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtua da Gusau, a Ƙaura Namoda ya tsaya tun 1929. Abin hawan talaka a cikin gari shi ne kabu-kabu da keke napep da 'yan motocin haya, duk kuwa man fetur suke sha. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin mai. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta taɓa dubu. Bari mu yi ɗan lissafi, ku 'yan makaranta ku ɗauko fensir. Mu ƙaddara kuɗin abin hawa daga sabon gida zuwa makaranta Naira 300 ne, 'yan mata biyu ne a gidan, zuwa da dawowa, kwana 20 a wata. Nawa ke nan? Naira 24,000. Mafi ƙarancin albashi da dokar 2024 ta yanka Naira 70,000 ne. Watau sulusin albashi ya tafi a hanyar makaranta kawai, ba a yi cefane ba, ba a je awon ciki ba, ba a je gaida Inna ba. Kuma mun san wadda ake fara cewa ta zauna gida in kuɗin mota ya gagara. Ba Sani ba ne, Hadiza ce.

Ga kuma naƙudar dare. Mace ta fara ciwo ƙarfe biyu, maigida ba shi da mota, unguwa ba mai kabu-kabu ko ɗaya, asibiti yana can cikin gari. Wadda ta taɓa ganin haka ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Irin wannan lissafi ne ya sa wasu ƙasashe suka juya ga hanya ta biyu, har suka mai da ita doka. A Amurka akwai wata jiha, Masacusets, wadda babban birninta Boston ne. A 2021 ta kafa doka a kan garuruwa 177 da jiragen ƙasa da bas-bas na Boston ke bi ta cikinsu ko kusa da su. Dokar ta ce tilas kowane gari ya keɓe yanki inda za a yarda a gina gidaje masu ɗaukar iyali da yawa, aƙalla iyali 15 a eka guda, kuma in garin yana da tasha, yankin ya kasance bai fi rabin mil daga tashar ba, tafiyar kamar minti goma a ƙasa. Ba a ce Gwamnati ce za ta gina ba. An dai ce kada ƙaramar hukuma ta hana mai son ginawa. Duk da haka mutanen wani gari, Milton, suka jefa ƙuri'a a Fabrairun 2024 suka ce ba su yarda ba. Babbar lauyar jihar, Andrea Campbell, mace ce kuwa, ta kai su ƙara. A Janairun 2025 babbar kotun jihar ta ce doka tana nan daram, kuma ana iya tilasta bin ta. A Kalifoniya kuma, a Oktoban 2025 Gwamna ya sa hannu a dokar da ta ba da damar gina bene har hawa tara a jikin manyan tashoshin jirgi, ko da yake majalisar birnin Los Anjalis ta nuna ba ta so.

Me masu ƙin abin suke cewa? Sun ce motoci za su yi yawa, makarantu za su cika, bututun ruwa da na bayi ba za su ɗauka ba, dogon gini zai tsaya a kan gidajensu, kuma ba a shawarce su ba, daga sama aka yanko musu. Wasu cikin waɗannan koke-koke gaskiya ne. Wasu kuwa, in za a faɗi gaskiya, ƙyashi ne kawai na wanda ya riga ya samu, ba ya son mai ƙaramin ƙarfi ya matso kusa da shi. Mu ma muna da irinsu. Akwai matar da za ta ce 'yan haya sun ɓata unguwa, ta manta ita ma a ɗakin haya aka kai ta amarci.

Wani abin dariya, ki auna iyali 15 ɗin nan da ma'auninmu. Eka guda tana ɗaukar fuloti kamar takwas irin namu mai ƙafa 50 da 100. Ashe abin da Turawan ke kai ruwa rana a kansa bai kai iyali biyu a fuloti ba. Gidajen haya nawa kika sani a Gidan Dahala ko Mabera masu iyali biyar ko shida a fuloti ɗaya? Mun riga mun wuce su cunkoso nesa ba kusa ba, sai dai namu ba tsari, ba bututu, ba magudana.

Saboda haka ni a ganina, gida kusa da abin hawa ya fi wa mace alheri bisa gida mai faɗi a inda ba kowa. Kusa da kasuwa, kusa da asibiti, kusa da makaranta, kusa da dangi. Amma fa ba kowane irin bene ba. In wata rana aka zo unguwarku da takardar zane aka ce za a ɗaga gini a bakin titi, ko Gwamnati ce ko wani attajiri ne da izinin hukuma, akwai abubuwan da ya kamata ku tsaya a kansu tun ba a haƙa tushe ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Na farkonsu sutura. Gidan Bahaushe tsakar gida ce zuciyarsa. Nan kike daka, nan kike wanki da shanya, nan kike tsifa da kitso ba ɗankwali, nan ake shimfiɗa tabarma a kwana da bazara sa'ad da zafin Sakkwato ya wuce digiri 40 ɗaki ya gagari kowa. Katanga aka yi dominki. To ran da aka tsayar da bene hawa uku a maƙwabta, tagoginsa suna kallon tsakar gidanki, katangar nan ta tashi aiki. Kin koma zaman hijabi a cikin gidanki, ko ki tattara ki shige ɗaki. Wannan ba ƙaramar cuta ba ce, kuma malamanmu ba su ɗauke ta ƙarama ba. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan garin nan, ya hana mutum buɗe tagar da zai riƙa hango cikin gidan maƙwabcinsa, ya hana shi buɗe ƙofa daidai ƙofar maƙwabci. Maganin abin kuwa ba wuya gare shi ba in an yi niyya. Tagogin da ke fuskantar maƙwabta a ɗaga su sama da tsayin mutum, su shigo da iska da haske ba tare da ido ya fita ba. Baranda ta kalli titi. Matakala a rufe gefenta da bulo mai huda. A kan takarda gyaran nan aikin minti kaɗan ne. In an riga an zuba kankare kuwa, sai shari'a da gaba tsakanin maƙwabta.

Sai ruwa. Kin san yadda muke da famfo a garin nan, kin san kuɗin kurar 'yan ga-ruwa. Masana lafiya sun ce mutum guda yana bukatar aƙalla lita 20 a yini domin sha da girki da tsabta. Gida mai mutum takwas lita 160 ke nan, jarka bakwai ta mai lita 25, kowace jarka kuma nauyinta kilo 25. Yanzu ki ɗora wannan a hawa na uku. Mai ruwa zai ce a ƙara masa kuɗi, ko ya ajiye a ƙasa ya tafi. Wa zai hau da ita? Ke, ko mai ciki ce ke, ko kuwa 'yarki kafin ta tafi makaranta. Benen da ba shi da rijiyar burtsatse da tanki a sama da abin da zai tura ruwan ko ba wutar lantarki, wahala aka gina miki. A tambaya tun farko: ina ruwan zai fito, wa zai gyara injin in ya lalace, da kuɗin wa?

Ruwan da ya shiga gida kuma sai ya fita. Iyali goma sha biyu a fili ɗaya suna wanka da wanki, in ba a yi babbar magudana da ramin bayi mai ɗauka ba, lungu ne zai sha. Mutanen Mabera sun daɗe suna ganin abin da kwanciyar ruwa ke yi da damina. Daga nan sai sauro, sai amai da gudawa. Ɗaki kuma a yi shi da taga biyu masu fuskantar juna, domin cunkoso a ɗaki marar iska lokacin zafi shi ne abincin sanƙarau, ba mu manta da annobar 2017 da ta ratsa Zamfara da Sakkwato da Katsina ba.

Akwai kuma abin da masu zanen gidaje ba su cika tunawa da shi ba, domin yawancinsu ba su taɓa tuƙa tuwon mutum goma sha biyar ba. Gidan mace shi ne kantinta. A ciki take suyar ƙuli-ƙuli da ƙosai, take yin fura, take ɗinkin hula, take kiwon 'yar akuya da kaji da za ta sayar ran da za ta aurar da 'ya. A hawa na biyu ina za a kafa murhu? Ina za a ajiye itace? In kika sa taɓarya a turmi, matar da ke ƙasanki za ta hau da faɗa, kuma da gaskiyarta. In an yi haihuwa, ina matan suna za su zauna, ina za a ɗora ruwan wankan jego? Ɗan kicin ɗin da ake yi a irin waɗannan gidaje na mai risho ne ko gas, wadda za ta dafa wa mutum uku.

A nan Habasha ta yi abin da ya kamata a duba. Tun wajen 2005 Gwamnatinsu ta shiga gina benaye masu yawan gaske a Adis Ababa, ana raba su ta hanyar ƙuri'a, aka kuma keɓe wa mata kashi 30 cikin 100 kafin a jefa sauran. Da yake su ma mutane ne masu yanka da babban girki, sai aka riƙa gina wani ɗaki na kowa da kowa a ƙasa, tsakanin benayen, domin yanka akuya da wanki da girkin taro. Dabara ce mai kyau. Amma su ma sun yi tuntuɓe inda muka yi. Da fili ya yi wuya a cikin birni, sai aka koma ginawa can bayan gari, matan da ke ƙananan sana'o'i suka rabu da masu sayen kayansu, da yawa suka ba da gidan haya suka koma inda suka fito. Na hawan sama kuma suka yi ta kukan ruwa ba ya isa gare su. In za a yi bene a Sakkwato, hawa ɗaya ko biyu ya isa, da fili a tsakiya wanda maza baƙi ba sa ratsawa, da rumfar girki da wurin daka a ƙasa. Tsofaffi da masu sana'ar wuta a ba su ƙasa. Mai mata biyu kuwa, a yi wa Allah kada a ba shi ciki da falo a ce ya yi adalci a ciki.

Saura maganar da ta fi tsorata mutane, watau rusau. Ya kamata ki san abin da doka ta ce. Tun dokar ƙasa ta 1978, filin jiha duka yana hannun Gwamna a matsayin amana, kuma yana da ikon karɓe fili domin amfanin jama'a, kamar hanya ko tasha ko gidaje. Amma dokar ta ce sai an ba mai wurin sanarwa, kuma sai an biya diyyar abin da ya kafa a kai, gini ne ko itatuwa ko amfanin gona. Ki lura, diyyar gini ce, ba a biyan kuɗin ƙasar kanta yadda ake sayar da ita a kasuwa. In ba a yarda da ƙimar da aka yi ba, akwai kwamitin rabon filaye na jiha da doka ta ce a kai masa kuka. Ɗan haya kuwa galibi ba ya samun komai sai wa'adin tashi, shi ya sa matan gidan haya suka fi kowa bukatar jin labari da wuri.

Inda mata ke cutuwa shi ne wajen takarda. Gidan gado ne, kina da rabonki, amma takardar tana sunan marigayi, tana kuma aljihun babban wa. Ran biyan diyya shi za a kira. Ko kuwa kin sayar da 'yan kunnenki da akuyoyinki an ja ɗaki biyu, ba shaida ko ɗaya. Wannan ba rashin yarda da Yaya ko maigida ba ne, mutuwa da mantuwa ake yi wa rubutu. In an raba gado, a rubuta rabon kowa a gaban alƙali, ki karɓi kofinki. In kin sa kuɗi a gini, a rubuta da shaidu biyu. Ki nemi lokacin da maigida ya ci ya ƙoshi, ki ce, "Malam, takardar gidan nan tana ina, kuma sunan wa ke ciki?" Tambaya ce ta mai hankali, ba ta rashin kunya ba.

Kada kuma ku ce mata ba sa zuwa taron unguwa. Ba sai kun je zauren mai unguwa kun tsaya gaban maza ba. Kuna da makarantar Islamiyya, kuna da adashi, kuna haɗuwa wurin suna da biki. Ku tattara abin da ke damunku, wata 'yar sakandare ta rubuta shi tsaf, ku sa hannu ko ku dangwala, a miƙa wa mai unguwa da kansila, kofi guda kuma a kai Hukumar Tsara Birane ta jiha, wadda ita ke ba da izinin gini. Ku nemi a nuna muku zanen. Ku tambayi hawa nawa ne, iyali nawa, ina tagogi suka kalla, ina ruwa, ina kwata za ta bi, an ƙara aji a makarantar unguwa ko ba a ƙara ba. In kuma sabon rukuni ne a bayan gari aka ce maigida ya samu, kafin a ɗaure kaya ku je ku gani da rana, ku tsaya bakin titi ku ƙirga minti nawa za ku yi kafin abin hawa ya zo, ku tambayi matan da suka riga ku tarewa nawa suke kashewa a mako.

Ku kuma 'yan makaranta, wannan aiki yana jiran ku. Ana koyar da zanen gine-gine da tsara birane da safiyo a jami'o'i da kwalejojin kimiyya na ƙasar nan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masu zanen gini, kuma ba a rubuta maza kaɗai a ƙofar ba. Abin da ake nema shi ne lissafi da kimiyya da zane, sai ku riƙe su da kyau tun daga aji ɗaya na babbar sakandare. Kafin nan, ga aikin da za ku iya yi ran Asabar. Ki sami igiyar awo ko ki yi da taku, ki auna tsakar gidanku, ki ƙirga mutanen gidan da jarkar da ake saye a yini, ki rubuta kuɗin abin hawan da kowa ya kashe cikin mako. Ki kai wa Inna takardar ta adana, domin ran da aka kira taro a kan unguwarku da ita za a je.